Akuya Mai Maganin Ƙwarin Kabewa

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu sha labari.

Ƙwari suka addabi kabewar da Bushiya ke sa ran yin miyar taushe da ita, kullum sai ta barbaɗa wa ganyen toka. Rannan Akuya ta leƙo ta kan danga tana haɗiyar yawu.

"Haba ƙawata, toka ai dabarar tsofaffi ce. Wanke ta tas ki tafi kasuwa. Ni ƙwaro ko sunana ya ji, ƙaura yake yi."

Bushiya baiwar Allah ta wanke, ta tafi. Da ta dawo, ko ganye ɗaya babu.

"Akuya, ina ganyena?"

Akuya ta yi gyatsa. "Ke dai tsakaninki da Allah, kin ga ƙwaro?"

Ƙurunƙus kan ɗan ƙwaro.