Takobin Lod Ambrose da Shayin da Ya Huce

Ku matso, yau Ingila muka nufa, ƙasar da rana ke leƙowa kamar mai jin kunyar surukai.

Akwai wani basarake, Lod Ambrose, tsohon soja. Ya yi yaƙi har yaƙi ya gundure shi, ya dawo gida da ciwon gwiwa da kunne ɗaya a toshe. A al'adarsu gida da gonaki da sarauta na babban ɗa ne, ko uba ya so ko ya ƙi. Takobinsa kaɗai ya rage da zai bai wa wanda ya ga dama. 'Ya'yansa uku kowa ya zuba wa takobin ido, tsoho kuwa ya gaji da ganin idanun nan.

Ran nan ya fita kilisa shi kaɗai, doki ya yi tuntuɓe, ya watsa shi cikin wata fadama mai haɗiye mutum. Taɓo ya kama shi har ƙugu. Ihu? Allah ya sawwaƙe, basaraken Ingila ba ya ihu. Ya gyara hularsa, ya ce a ransa, "To, nan dai ba mai yi mini zancen takobi." Ya ci gaba da nutsewa.

A gida, auta Harriet ta ga shayin la'asar ya huce, kujerar uban babu kowa, mutumin da ko ranar da aka harbe shi sai da ya sha shayinsa. Ta ce, "Baba na cikin masifa!" Yayyenta suka ɗaga hanci: "Haba Harriet, ba a ɗaga murya a gaban abinci." Ta kife musu butar shayin a cinya. Dole suka miƙe.

Ruwan sama ya riga ya shafe sawun doki. Amma babban ɗa Cedric, wanda bai taɓa zuwa yaƙi ba, ya san kowane rami na gonakin nan. Ya dubi wani shinge da ya karye, ya kai su fadamar kai tsaye.

Suka tarar taɓo ya kai wa tsoho wuya. Na tsakiya, Rupert, shi ma soja, ya kutsa cikin taɓon har ƙirji. "Baba, miƙo hannu!" Tsoho ya ce, "Na gode, yaro, lafiyata ƙalau. Hutawa nake." Rupert ya kumbura wuya, ya daka tsawa irin ta filin fareti: "Soja! Hannu sama!" Kafin tsoho ya yi tunani hannu ya tashi da kansa. Rupert ya cafke, ya fizgo shi.

Ga shi yanzu lulluɓe da bargo, ƙafafu cikin ruwan zafi, su ukun sun kewaye shi suna tambayar jiki, idanunsu na kan bango inda takobin ke rataye. Ya yi ajiyar zuciya, ya lumshe ido.

To, ku da kuka sha labari a zaune, ku raba masa gardama ya samu ya huta: tsakanin Harriet da Cedric da Rupert, wa ya fi cancantar takobin nan?