Tsamiyar Baba da Ruwan Jegon Sahura

Ku matso, yau sai kun yi gardama.

A wani gida akwai 'yan mata uku 'yan uwa, Barira da Jummala da Uwani. Yayarsu Sahura ta dawo gida wankan jego a tsakiyar damina, lokacin da icce ya fi nama wuya. A rufin ɗaki kuma akwai tankin sola mai bututan gilashi, wanda rana ke dafa wa ruwa.

Gwaggo Tabawa, mai yi wa Sahura wanka, ta ɗaga kai ta harare shi, ta ja tsaki. "Ni Tabawa! Ruwan da bai ga wuta ba shi zai gasa maijego? To ku ji. Ran da na tsoma hannu na ji shi salaf, tsamiyar nan za ta sha gatari, a dafa ruwa da iccenta." Tsamiyar kuwa marigayi babansu ne ya dasa ta. Gwaggo har gatarin ta sa aka wasa, ta jingine shi a gindinta.

Kwana ashirin da biyu rana na aikinta.

Barira ita ce mai kallon sama. Ta ga tururuwa na kwashe ƙwai zuwa tudu, ta ji iskar gabas ta yi sanyi. Hasashen yanayi na waya ya ce rana za a yi, Barira ta ce, "Wayar ta fito tsakar gida ta duba. Jibi marka za ta sauka, kwana biyu ba za mu ga rana ba."

Jummala kuwa kullum sai ta leƙa ma'aunin zafin tankin, har ta san halinsa. Ta san shigar ruwan sanyi ke kashe na zafi. Da ta ji zancen Barira, ta bari rana ta dafa tanki cike, sannan ta rufe famfon da ke ƙara masa ruwa, ta hana kowa ɗiban ko moɗa ɗaya in ba na wankan Sahura ba. Har kawunsu ta kora da butarsa.

Ita Uwani tsani ta kafa. Ta goge kashin tsuntsaye da ganyen da suka rufe gilasan, ta naɗe tanki da bututu da tsohon bargo, ta lulluɓe da leda. Da iska ta yaye ledar ana tsakiyar ruwa, ta sake hawa rufin kwanon nan mai santsi ta ɗaure.

Marka ta zo kamar yadda aka faɗa. Da yammacin rana ta biyu, Gwaggo ta fito da ganyen darbejiya, tana satar kallon gatari. Aka tara ruwa a baho. Ta naɗe hannun riga, ta tsoma da ƙarfin hali, sai ta fizge.

"Wash! Ke Uwani, a sirka mini! So kuke ku sale 'yar mutane?"

Da daddare ba a ga gatarin ba, Gwaggo da kanta ta mayar ɗaki.

Ranar yawon arba'in Sahura ta ce wadda ta ceci tsamiya ita za ta goya jariri, ta shige gaba dangi su gani. Zanen goyo ɗaya ne, bayan mutum ɗaya zai hau.

To ku faɗa mini, Barira ce, ko Jummala, ko Uwani?