Gawar da Ba a San Sunanta Ba a Unguwar Masaƙa

An yi wani sarki a birnin Gamjin Kudu, Barmo sunansa, mai adalci ne, amma in ya fusata ko dogaransa ba sa haɗa ido da shi. A ƙasarsa akwai tsohuwar al'ada: duk wanda ya kwana a unguwa ransa yana wuyan mai unguwa, kuma in aka tsinci gawa ya kasa faɗin ko ta wace ce, to alhakin jinin a kansa yake.

Da kasuwar birnin ta bunƙasa, sai manya suka gano wata sabuwar hanyar samu. Su sayi gida a tsakiyar unguwa, su tashi masu shi, su riƙa ba baƙi haya na kwana biyu ko uku, a miƙa mabuɗi a bakin kasuwa, shi ke nan, babu fatoma, wato mai masaukin da zai tsaya wa baƙo. Unguwar Masaƙa ta fi kowace shan wannan masifa, domin Galadima shi kaɗai ya mallaki gida tara a cikinta. Mai unguwarta kuwa wani dattijo ne matalauci, Malam Tanimu, wanda kullum yake wayar gari da fuskokin da bai sani ba, ya yi musu sallama su amsa da ka.

Ran nan da hantsi aka ga ƙudaje sun yi dafifi a ƙofar ɗaya daga gidajen Galadima. Tanimu ya sa aka ɓalle ƙyauren, sai ga mutum kwance a zaure, ya kwana biyu da cikawa. Inna lillahi! Babu wanda ya san sunansa, balle garinsu. Tsoho ya kama salati, don ya san hukuncin sarai. Ya sa aka shirya gawar, yana cikin neman masu ɗaukar makara dogarai suka iso.

Aka durƙusar da shi a fada, Galadima na zaune a dama, fuskar nan fes kamar ba a gidansa aka yi ba. Sarki ya ce, "Mai unguwa, wane ne mamacin?"

"Allah ya ba ka nasara, ban sani ba."

Tanimu ya ji hauni, mai sare kai, ya gyara tsayuwa a bayansa.

Sarki ya ce, "Ka san al'ada. Amma zan ba ka ƙofa ɗaya. Wasu sun ce in rufe gidajen nan, sai dai garin da ya kori baƙo ya kori kasuwarsa. Wasu sun ce in bar su, ga kuwa abin da barin ya haifar. Kawo mini hukuncin da bai zalunci baƙo ba, bai kuma zalunci maƙwabci ba, kafin a kira azahar. In ka kasa, kai da mamacin rana ɗaya za a binne ku."

Wayyo, ina tsoho zai sa kansa? Ya faɗi gaskiya ya taɓa Galadima, ya yi shiru ya mutu. Da ya ga duk ɗaya ne, sai ya ce, "Ranka ya daɗe, ina neman gafara in yi tambaya. Mai gidan ya san sunan baƙonsa?"

Galadima ya yi gyaran murya. "Zaki, ai bayina ne ke ba da mabuɗi."

"To, Allah ya ja zamaninka," in ji Tanimu, "an wajabta mini sanin wanda ba a kawo mini ba, an yafe wa wanda ya saukar da shi. Kuma har yanzu gawar tana zaure. An yi mata wanka, an sa likkafani, amma na bi unguwa gida gida ban sami maza huɗu 'yan unguwa da za su ɗauki makara ba. Baƙin sun tafi kasuwa, sun ce ba su san shi ba. Da ni ne na mutu, haka zan kwanta."

Ya numfasa, ya ci gaba, "Hukuncina shi ne, kada a rufe wa baƙo ƙofa, amma mai gida ya kawo shi gaban mai unguwa da ƙafarsa, ya faɗi sunansa da garinsu, ya leƙa shi kowace safiya, kuma daga ranar jininsa ya koma wuyan mai gidan. Sannan kada a ƙara mai da wani gida masauki a unguwar da mazaunanta ba za su cika sahun jana'iza ba."

Tanimu ya runtse ido yana kalmar shahada a zuci. Can ya ji an yafa masa wani abu mai nauyi a kafaɗa, ya zabura, ashe alkyabbar sarki ce.

"Tashi, dattijo," in ji sarki, "daga yau kai ne mai duba masaukan birnin nan duka. Galadima, gida shida cikin tara za ka mayar wa masu iyali. Ku rubuta: ba adalci ba ne wani ya ci amfanin baƙo, a bar wa wani alhakinsa."

Sa'an nan ya miƙe, ya tuɓe takalmansa, ya ce, "Ni ɗaya, mai unguwa biyu, Galadima uku. A nemo mana na huɗu, bawan Allah ya gaji da jira."