Ƙwan Farko na Goggo Talatu

Ku matso kusa. Kai Bala, daina mutsu-mutsu, yau sai kun yi mini shari'a!

Goggo Talatu ta Unguwar Tudu kaji masu ƙwai mijinta ya bar mata, kuma su ke riƙe da ita a gidan. Kwatsam kajin suka daina ƙwai. Wanda suka yi ma lugub yake, ba ɓawo, ka taɓa ya fashe. Wanta Kawu Barau ya zo ya ce, "Talatu, in damina ta tsaya ba ƙwai, a sayar da su ki dawo gidana." Wayyo! Tsohuwa ta kasa zaune ta kasa tsaye, don barin ɗakin mijinta ya fi mata komai ciwo. 'Ya'yanta uku suka taso.

Lantana, babbar, ita ta wuni tsugune a ɗakin kajin. Ta kama wannan ta lallatsa, ta kama waccan, ta ji kitse ya cika su. Ta bincika buhun abincinsu, ashe na kajin da ake kiwo don nama ne! Goggo tausayi ya ja ta, wai ta ga sun rame, har tuwon jiya take ƙara musu. Ba don Lantana ba, da har yau ana cewa baki ne ya kama su.

Tanimu kuwa babur ya hau zuwa birni, alhali ruwa ya cinye gada. Ya bar babur a bakin rafi, ya tsallaka ruwa iya ƙirji, ya dawo da buhun abincin masu ƙwai da garin ƙashi a ka. Ko ɗigo bai taɓa buhun ba, shi kuwa sai da zazzaɓi ya kwantar da shi.

To, an kawo abinci, kaji suka ƙi ci. Gambo, autan, ya riƙa gauraya sabo da tsoho, kullum yana rage tsohon har suka saba. Amma babban aikinsa shi ne tare uwarsa. Da ta lallaɓo da kwanon tuwo sai ya tsaya a ƙofa. "Gambo, ni za ka hana? Yunwa za ta kashe su!" Ya ce, "Ki yi haƙuri, Goggo." Yaron da ba ta taɓa ɗaga wa murya ba, sai da ta daina amsa gaisuwarsa. Yakan koma bayan ɗaki ya share hawaye, ya dawo ƙofar.

Ranar da Kawu Barau ya iso da mai sayen kaji, Goggo ta fito da ƙwai ɗaya mai ɗumi, ta ƙwanƙwasa shi da farce, ya ce ƙas-ƙas. Kawu ya sallami baƙonsa. Ita kuwa ta ce wannan ƙwan ba na kasuwa ba ne, wanda ya tsare mata gidanta zai ci shi. Ta dubi 'ya'yan nan uku, ta kasa miƙawa.

Ƙwan dai ɗaya ne, kuma kada wanda ya ce mini a raba. To, a hannun wa za ta sa shi?