Buhu Arba'in na Tasalla Mai Hatsi

Akwai wata mata a Sabon Garin Maraɗi da ake kira Tasalla mai hatsi. A shekarar babban fari, zamanin mulkin soja, ta rasa mangaza, wato ɗakin ajiya, cike da hatsi, ta rasa ƙarfin hannunta na dama, ta kuma rasa wata gona a Tsibiri da ta kusa zama tata. Abin da ta samu ɗaya ne, bakinta.

Tun da mijinta ya rasu ita ta riƙe kasuwancinsa. Ba ta yi boko ba, amma duk kasuwa an san in Tasalla ta faɗi kuɗin buhu, ko uwarta ce ta dawo duniya ba ta rage dala.

Tun kafin farin nan, wata rana Irmiya, manomin Tsibiri da ke sayar wa mijinta hatsi tun dā, ya zo da ɗiyarsa Dorkas. Yarinyar ta samu wuri a wata makaranta ƙetaren iyaka, inda ake koyon aikin taimakon kurame da waɗanda magana ta ɗauke musu. Gwamnati ba ta biyan kuɗin wannan karatu, Irmiya kuma ba shi da su.

"Koya wa mutum magana?" in ji Tasalla. "Wanga ma aiki ne? Mu wa ya koya muna?"

Duk da haka ta ba da rancen, amma a kan ƙa'idarta.

"Ni ba na cin kuɗin ruwa. Hatsi zan saida in ba ku kuɗin, hatsi za ku maido mini. Buhu arba'in. In ta fara aiki, duk wata buhu guda. In ta tsallake wata uku, gonarka ta zama tawa."

Lokacin buhu jikka shida ne, wato sefa dubu shida. Irmiya ya amince. Ba a rubuta komai ba, baki da baki aka yi.

Dorkas ta gama karatu ta dawo, ta samu aiki a likita, wato asibiti, ta fara biya. Sai damina ta ƙi. Hatsi ya bushe a tsaye tun bai fid da kai ba. Mutanen karkara suka cika gari da kwanoni a hannu. Buhun jikka shida ya haura jikka ashirin, rabin albashin Dorkas ke nan.

Yarinyar ba ta gudu ba. Ta saki ɗakin da take haya a gari ta koma gidansu, kullum tana tuƙo keke daga Tsibiri. Ranar albashi, kafin ta sayi ko sabulu, sai ta sayi buhun Tasalla. Abin da ya rage ta raba biyu, na abincin gida da na ajiyar ciwo. Zanenta ya koɗe, ba ta sake ba.

Sau ɗaya kaɗai ta roƙi sassauci.

"Inna, ki maida bashin nan kuɗi, yadda kika ba mu."

"Da hatsi ya faɗi jikka uku, da kin zo kin ƙara mini? Tashi, ɗiyar Irmiya. Hatsi muka ce."

Ba a jima ba soja suka sa dokar hana ɓoye abinci. Wata safiya mota ta tsaya ƙofar mangazar Tasalla. Aka fasa kwaɗo, aka kwashe buhuna a gaban idonta. Ta buɗe baki za ta yi musu irin faɗan da ta saba, sai ta ji harshenta ya yi nauyi kamar an ɗora masa dutse. Ta faɗi nan take.

Da aka dawo da ita gida daga likita, ɓarinta na dama ya shanye, magana kuma ta tafi. Tana ji, tana ganewa. Tana ganin kalmar "ruwa" a cikin kanta sarai, amma in ta miƙa harshe ta ɗauko sai ta suɓuce. Masu gaisuwa suna zama kanta suna hira kamar a kan gawa.

Da la'asar ɗin wata rana Dorkas ta jingina keke ta shigo da buhun wata. A bakin ɗaki ta haɗu da Ilyasu, ƙanen marigayi mijin Tasalla.

"Madam, zo mu yi magana ta hankali," in ji shi, bai ko rage murya ba. "Wagga ta gama, ba ta sake cewa komi. Saura buhu ashirin da shida, ko? Ba ni biyar, in shaida ma dangi kin biya duka."

Tasalla tana kwance tana ji. A ranta ta ce, da ni ce da na karɓa.

"Baba Ilyasu," in ji Dorkas, "da bakinta muka ƙulla, da bakinta za mu kwance. Kuma tana jin ka."

Ta shiga ɗaki ta durƙusa daidai fuskar Tasalla.

"Inna, maganarki na nan ciki, hanyar ce ta toshe. Aikina ke nan. In kin yarda, matsa hannuna."

Tasalla ta daɗe tana kallonta. Wannan yarinya ta san in bakin nan ya buɗe, abin da zai fara nema hatsi ne, hatsi kuma sai ƙara tsada yake, gonar ubanta na bakin tafiya. Ta matsa hannun.

Kullum in Dorkas ta tashi daga aiki sai ta biyo. Ta riƙe mata madubi, ta sa ta hura auduga a tafin hannu, ta ɗora yatsun Tasalla a maƙoshinta don ta ji yadda murya ke rawa. Ta nuna mata kwano, ta nuna ludayi, ta faɗi sunansu a hankali. Makonni suka wuce, ban da gurnani babu abin da ya fito. Ran nan Tasalla ta wurga madubin ya fashe. Dorkas ta share kwalaban, washegari ta zo da wani.

Sai wata rana mai tumatir daga Jiratawa ta shigo gidan, tana ciniki da Maijidda, ɗiyar Tasalla, a tsakar gida. Maijidda ta taya da tsada tun farko. Dorkas ta lura leɓen maras lafiya na motsi, idonta ya yi ja, hannun hagu na dukan tabarma.

Dorkas ta tashi tsam. Ta kwance tunkiyar da ta rage a gidan, ta jawo ta har bakin ɗaki. Ta taɓa bayanta, ta duba haƙoranta, ta yamutsa fuska irin ta dillalai.

"Wagga duk ƙashi ce. Maijidda, uwarki ba ta iya ciniki yanzu, bari in taimake ku. Na saya dala ɗari."

Dala ɗari, rabin jikka kacal! Tunkiya mai ciki! Wani abu ya taso wa Tasalla daga ƙirji, bai tsaya neman hanya ba.

"Albarka!"

Faifan tumatir ya kife. Maijidda ta dafe ƙirji tana salati. Mai tumatir ta zauna daɓas a ƙasa. Tasalla kanta ta tsorata da muryar, ta kai hannu bakinta tana taɓawa. Allah mai iko, ashe duk wannan lokaci maganar na nan, ciniki take jira.

Dorkas hawaye na zuba mata, amma ba ta saki ba.

"To, ɗari da hamsin."

"Albarka!"

"Nawa za ki sallama?"

"Jik... jikka... goma."

Daga ranar aka maida ɗakin kasuwa. Dorkas ta taya tabarma, ta taya buta, ta taya ɗankunne. Lissafi ya fara dawowa, sunayen kaya suka biyo, sannan sunayen mutane. Unguwa ta riƙa zuwa kallo. Tsofaffi suna cewa sun ga an ɗora karaya, sun ga an cire yanar ido, amma ba su taɓa ganin an maido wa mutum magana ba.

Kafin damina ta kankama Tasalla na haɗa zance, a hankali, tana tsayawa tana nema. Ta aika aka kira Irmiya da ɗiyarsa, ta sa Ilyasu ya zauna shaida. Lokacin buhu ya kai inda albashin Dorkas ba ya kaiwa, har ta tsallake wata biyu. Irmiya ya zauna yana murza hula a hannu.

"Aikinki," in ji Tasalla. "Nawa?"

"Inna, ban yi don kuɗi ba."

"Ban... cin kyauta. Faɗi."

"To ki ba ni wata ɗaya in cika buhun da na tsallake. Shi ke nan."

"Ba ki iya ciniki ba. Irmiya, ɗiyarka... wawuya ce."

Dariya ta kubce wa Maijidda. Tasalla ta ɗaga hannun hagu ta ci gaba.

"Saura ashirin da biyu. Bakina ya ci ashirin. Ya hi haka... amma ban taɓa sayen abu yadda ya kai ba. Gona ta mai ita ce."

Ta tsaya ta huta, ta dubi Dorkas cikin ido.

"Buhu biyu. Jikka shida-shida. Na sallama."

Darasi: In ka ci bashi ka yi karatu, ka fara cire haƙƙin mai shi kafin ka taɓa albashinka, kuma kada ka nemi kuɓuta ta hanyar rauninsa. In kai ka ba da rance, kada ka shaƙe wanda ka taimaka, don ba ka san ranar da abin da ya koyo da kuɗinka zai tashe ka ba. Ku tura wa matasa masu fara aiki da bashi a wuya, da waɗanda ke bin su.