Jan Ƙyallen da Jikana Ya Kwance

Jikana na fari mai ɗaukar hoto ne, amma ba irin waɗanda ke zaunar da mutum a kujera su ce ya yi murmushi ba. Shi aikinsa a daji yake. Masu hawan dutse da igiya, masu tseren keke a kwazazzabo, masu dogon gudun nan da ake fita da asuba a wuni ana yi, su yake bi da kyamararsa. Abokan aikinsa Mai Ido suke ce masa. Ni ban yi boko ba, amma in na ga aiki mai kyau na san shi. Hotonsa sai ka ga gumin mutum kamar ka miƙa hannu ka share masa.

Aibinsa ɗaya ne. Duk abin da ya ɓata masa hoto sai ya kawar da shi, kuma ba ya mayarwa. In ya zo zai ɗauke ni a tsakar gida, sai ya janye bokitin wanki, ya kwance igiyar shanya, ya tura tsintsiya bayan ƙofa. Yana gamawa ya kama gabansa, ni ce da wunin neman kayana.

"Kai maigidan banza, ina butata?"

"Haba amaryata, zan mayar mana."

"Zan mayar ɗin nan ita za ta ci ka wata rana."

Dariya kawai yake yi.

Wata shekara aka shirya babban gudu a tsaunukan da ke bayan garinmu, aka ba shi aikin ɗaukar hoton. Masu shirin suna neman matan da za su zauna a rumfuna suna miƙa wa masu gudu ruwa da ayaba. Na ce a sa ni. Uwarsa ta ce na tsufa. Na ce mata ƙafata ce ta tsufa, hannuna bai tsufa ba.

Hanyar gudun ba kwalta ba ce. A duk inda ta rabu biyu ana ɗaura jan ƙyalle a reshe, don mai gudu ya san inda zai bi. Kafin rumfata akwai wata mararraba a gindin wani ƙaton dutse. Dama ita ce hanya. Hagu kuwa gangara ce zuwa wani busasshen kwari, babu ruwa, babu inuwa. A nan gindin dutsen jikana ya kafa kyamararsa tun safe, don wurin da kyau.

Na gaba-gaba suka zo rumfata, suka fizgi ruwa suka wuce. Wasu suka biyo su. Daga nan sai shiru. Na dubi robobin ruwan da ke gabana, ko rabi ba a sha ba. Na ce wa matar da muke tare, "Mutanen nan da na gani da asuba sun fi haka yawa. Ina sauran?"

Muna cikin haka sai ga babur ta hanyar mota, jikana a baya, kyamara a wuya. Sauri yake ya isa wurin ƙarewa kafin na farko ya shiga. Ya diro yana washe baki.

"Amarya, ba ni ruwa. Yau na ɗauki hoton da ban taɓa ɗauka ba."

Ya sunkuya zai ɗauki roba, sai na ga wani jan abu yana leƙowa daga aljihun wandonsa. Na sa hannu na zaro.

"Wannan fa?"

Nan take fuskarsa ta sauya. Ashe ƙyallen iska ke kaɗa shi yana shiga masa hoto, ya kwance ya sa aljihu, yana nuna wa mutane hanya da hannu. Da mai babur ya iso, ya haye ya manta.

Mai babur ya ce, "Oga, in ba mu tafi yanzu ba, na farko zai shiga babu mai ɗaukarsa. Hoton da aka ɗauke ka dominsa ke nan fa."

Ban ce masa je ka ba, ban ce kar ka je ba. Ƙyallen na miƙa masa, na zuba masa ido.

Ya cire kyamarar daga wuyansa, wadda ko uwarsa ba ya bari ta taɓa, ya ajiye a cinyata. Ya ce wa mai babur ya je ya sanar da masu shiri a kawo mota. Ya cika jaka da robobin ruwa, ya saɓa, ya koma da ƙafa ta hanyar masu gudu.

Ya fara ɗaura ƙyallen a reshensa, sannan ya gangara kwarin yana kwaɗa kira. Ya tarar da masu gudun da suka bi hagu a warwatse, wasu sun zauna, wasu suna ta gaba ba su san sun ɓata ba. Ya tattaro su duka. Ta ƙarshe wata malamar asibiti ce, ta gurɗe a duwatsun kwarin, leɓenta ya bushe ya tsage. A bayansa ya goyo ta har rumfata. Ya sauke ta, na miƙa mata ruwa.

Shugaban masu shirin ya iso ransa a ɓace. Wani ya ce ai iska ce ta ɗauke ƙyallen. Wani ya ce awaki ne. Da jikana ya yi shiru, da an tafi a haka, don ni da mai babur kawai muka sani. Sai ya miƙe.

"Ranka ya daɗe, ba iska ba ce. Ni na kwance shi."

Malamar ta ɗago ta dube shi. Ta ce, "Shekara guda ina tashi da asuba ina gudu kafin in tafi aiki. Saboda hoto?"

Ya durƙusa ya ce ta yafe masa. Ta kawar da kai, kuma ban ga laifinta ba.

Aka karɓe aikin aka ba wani. Labari ya bazu, aka daina kiransa. Ya zo yana zaune a ɗakina kamar wanda aka yi wa rasuwa. Na ce, "Tashi ka ba ni wuri. Ka ɓata, ka gyara, ka faɗi gaskiya a gaban mutane. Wanda ya yi haka ba ya zama yana tagumi a ɗakin tsohuwa."

Da shekara ta kewayo ya je ya roƙi a sa shi cikin masu ɗaura ƙyalle. Aka yarda. Ya bi hanyar nan da ƙafarsa yana ɗaurawa, yana ja ya ji ya kamu. Ranar gudu ya zauna a gindin dutsen nan har mutum na ƙarshe ya wuce. Malamar asibitin ta zo tana haki, ta dubi reshen, ta dube shi, ta ce, "Yau dai ka bar shi?" Ta bi dama.

Hoton da ya ɗauke ta a ranar nan yana rataye a ɗakina. Jan ƙyallen ya tare kusan rabin dutsen. Ya ce ƙyallen ya ɓata hoton, na ce ni shi nake so. Duk baƙon da ya shigo sai na nuna masa na ce jikana ne ya ɗauka. Yanzu an koma kiransa aiki, kuma butata tana inda na ajiye ta.

Darasin da nake so ku riƙe shi ne, kome gwanintarka, kar ka kawar da abin da wasu suka dogara da shi don naka aikin ya yi kyau. Abin da ya tare maka ido, wataƙila shi ke nuna wa wani hanya. In ka ɗauke, ka mayar tun kafin ka ɗaga ƙafa. In kuma ka riga ka yi ɓarna, ajiye abin da ke hannunka ka koma ka gyara, ka faɗa da bakinka cewa kai ne.