Gwiwar Ilu Saje Ta Taɓa Ƙasa

Akwai wani saurayi a Soron Ɗinki, a zamanin da Turawa ba su daɗe da zama a Kano ba, sunansa Ilu. Yana ɗan shekara goma sha bakwai ya tsere daga gida ya shiga soja. Ya yi yaƙin Kamaru, ya zauna a barikin Ikko, ya zauna a Lakwaja. Sai da ya shekara goma sha ɗaya a waje sannan aka gan shi a bakin zaurensu da akwatin ƙarfe a ka.

Ya tarar mahaifinsa ya rasu. Mahaifiyarsa Dije ce kaɗai a gidan, ga tsufa, ga gani ya fara raguwa.

Duk wanda ya daɗe a waje ya dawo ya san wannan ciwo. Lungun da ka taso a ciki sai ka ga ya matse, hirar zaure ta gundure ka, ƙafa ta riƙa yi maka ƙaiƙayi. Haka Ilu ya zama. Da yake ɗan fari ne Dije ba ta kiran sunansa, kullum sai ta ce, "Kai wannan, ka nemi abin yi ka zauna. In ba ka da aiki a garin nan na san tafiya za ka sake yi, ni kuwa kai kaɗai gare ni."

Ana nan sai aka nemi tsohon soja a wata makarantar boko ta manyan yara, irin wadda yau za mu kira sakandare. An sa motsa jiki a cikin darussa: atisaye kowace safiya kafin a shiga aji, wasanni kuma ran Litinin da Alhamis bayan la'asar. Aka ɗauki Ilu.

Ranar farko Baturen makarantar ya ce masa da gurguwar Hausarsa, "Nan ba bariki ba ne. Iyayen yaran nan da ƙyar suka ba mu su. Ka ja mini rigima da mutanen gari, aikinka ya ƙare."

Ilu ya ƙame ya sara masa. Dije kuwa har sadakar waina ta yi.

Amma aikin bai yi wata ba Ilu ya mai da filin makaranta bariki. Ya hana a ce masa Malam, sai Saje. Wanda ya ɗaga ƙafar dama a maimakon hagu, dorina. Wanda ya yi dariya a layi, dorina. Langa da kokawa da yaran suka saba yi ya soke su, ya ce wasan ƙauyawa ne. Abin da yake ji da shi shi ne damben Turawa da ya koya a Ikko, wanda ake sa wata safar fata mai kumburi kamar gammo a hannu biyu.

To, dambunan nan biyu ba ɗaya ba ne. A na Turawa in ka faɗi ƙirga maka ake yi har goma, in ka tashi a ci gaba. A namu na gargajiya hannu ɗaya ake naɗewa, ɗayan na kariya ne, kuma da zarar gwiwarka ko tafinka ya taɓa ƙasa an kashe ka ke nan. Wasa ya ƙare, ba mai sake ɗaga hannu.

A ajin manya akwai wani yaro Gwadabe, ɗan wani mahauci Nata'ala na Ƙofar Mazugal. Gidansu gidan dambe ne kaka da kakanni. Dogo ne, mai faɗin ƙirji, ba shi da yawan magana.

Wata Alhamis, Bature ya tafi rangadi, Ilu ya sa wa Gwadabe safa, ya sa wa wani siririn yaro Ɗantani, ya ce su gwada. Naushi ɗaya Gwadabe ya kai, Ɗantani ya durƙushe. Gwadabe ya ja da baya ya fara cire safa da haƙori.

Ilu ya ce, "Wa ya ce ka cire?"

"Ai na kashe shi, Malam."

"Saje!"

"Na kashe shi, Saje. Gwiwarsa ta taɓa ƙasa."

"Nan ka ga ya yi kama da mayankar ubanka? Kai, tashi!" Ya finciko Ɗantani ya tsayar da shi, yaron yana tangaɗi, jini na bin haɓarsa. "Ƙara masa."

Gwadabe ya sunkuyar da kai ya ce, "A gidanmu ba a ƙara wa wanda ya faɗi."

Dorina ta sauka a bayansa sau uku, rigar ta tsage. Bai motsa ba. Filin ya yi tsit, yara arba'in suna kallo. Abin da ya ƙona wa Ilu rai ke nan, ana kallo an ƙi bin umarninsa. Ya tuɓe safar Ɗantani ya sa a nasa hannun.

"To ni ka dake ni."

"Ba na ɗaga wa malamina hannu."

Ilu ya kai masa a ciki, ya kai masa a baki. Gwadabe ya durƙusa ya tofar da haƙori. Yana durƙushen Ilu ya sake zabga masa a haƙarƙari, har yaran layin gaba suka ji ƙarar ƙashi. Ya ce, "Haka ake yi. Ku ɗauke shi."

Washegari da hantsi Nata'ala ya yi sallama a zauren su Ilu. Dattijo ne mai furfura, duk goshinsa tabo. Ya zauna a gefen tabarma, ya gaisa har da tambayar jikin mai tsufa, sannan ya ce, "Malam, bulalar malami ba ma kuka da ita. Ranar da mai unguwa ya karɓi yaron nan zai kai shi makaranta na ce nama naku ne, ƙashi namu. To an taɓa ƙashi. Kuma an ce yana ƙasa aka taɓa."

Ilu ko tashi zaune bai yi ba. "Tsoho, ɗanka matsoraci ne. Damben naku ma na matsorata ne, mutum ya taɓa ƙasa ya ce ya huta."

"Allah ya ba ka haƙuri. Ni magana na zo mu yi."

"Ina kuke yin wasan naku?"

"Ban zo gayyatarka ba, Malam."

"Ni na gayyaci kaina. Ina ne?"

Nata'ala ya dube shi ya ce, "Bayan Ƙofar Mazugal, ran Lahadi, in an sauko daga la'asar." Ya sa takalmansa ya tafi.

Dije tana bayan ƙyaure, duk ta ji. Ta ce, "Kai wannan, mutum ya zo maka da girmansa ka watsa masa ƙasa a ido? Kada ka je. Ka bi shi ka ba shi haƙuri tun Baturen bai dawo ba."

Ilu ya ce, "Inna, na ga harsashin Jamus. Masu fiɗar akuya ne za su ba ni tsoro?"

Ran Lahadi fili ya cika, don kaka ta yi, 'yan dambe sun shigo daga ƙauyuka. Masu kalangu na ta kiɗa. Da Ilu ya shigo da gajeren wandonsa na kaki, sai aka fara ɗaga wuya. Wani ya ce, "Ga mai damben gammo nan!" Aka bushe da dariya.

Wanda ya fito masa Garba ne, yayan Gwadabe, gajere kakkaura. Gwadabe yana zaune can gefe, an ɗaure masa ƙirji da rawani.

Mai naɗi ya kama hannun Ilu na dama ya naɗe da tsumma da zare har ya yi tauri kamar dutse. Ilu ya miƙa na hagu.

"Shi ma."

Mai naɗi ya ce, "Samari, guda ɗayan ma Allah ya sa ka mai da shi gida."

Gaskiya Ilu ya iya. A turmin farko ya yi ta zagaye Garba yana tsalle a kan yatsu, Garba ya kai ya sami iska, ya sake kaiwa ya sami iska. Ilu ya shammace shi ya fasa masa hanci. Dariyar mutane ta ɗauke. Aka raba su, Garba ya fyace jini a ƙasa ya yi murmushi.

A turmi na biyu Garba ya daina bin sa. Ya kafa ƙafa, ya miƙa hannun hagu a fuskar Ilu, ya ɓoye na dama a baya, yana jira. Ilu ya gaji da jira ya kutsa. Bai ga tahowar hannun ba. Ƙara kawai ya ji a muƙamuƙinsa, sai ga gwiwarsa da tafinsa a ƙasa.

Fili ya ɗauki ihu. "Ya kashe shi! Ya kashe shi!"

Garba ya juya baya, ya ɗaga hannu sama, ya nufi masu kalangu yana taku ɗaya ɗaya.

Ilu kuwa yana durƙushe yana ƙirge a ransa yadda ya saba a bariki. Ɗaya, biyu, uku. Ya san dokar wurin, Gwadabe ya gaya masa da bakinsa, amma bai taɓa ɗaukarta doka ba. A na shida ya miƙe. Ya ga ƙeyar Garba a buɗe, ya ji ana yi masa dariya. Ya ruga ya sauke naɗaɗɗen hannun nan a bayan kunnensa.

Garba ya kife da fuska. Ƙafarsa ta yi shure-shure, jini ya fito ta kunne. Kalangu ya tsaya.

Wani ya ce, "Gawa ta tashi ta yi duka!"

Kafin Ilu ya waiwaya an rufe shi. Sanda ta same shi a kafaɗa, wata a gwiwa. Ya faɗi, aka bi shi da ƙafa. Wani ya take naɗaɗɗen hannun da dunduniya, ya ji yatsunsa suna karyewa a cikin zaren. Ta tsakanin ƙafafun mutane ya hango wani yana zaro wuƙar fiɗa daga ɗamara. A nan ne ya tuna da Dije.

Sai ya ji nauyin mutum ya faɗo a kansa. Gwadabe ne, da karyayyen haƙarƙarinsa, ya rufe shi da jikinsa. Sandar da aka ɗago wa Ilu ta sauka a gadon bayan yaron. Ya yi ƙara, amma bai tashi ba.

"Malamina ne! Wanda zai yanka shi ya fara da ni!"

Nata'ala, da yake tallafe da kan Garba, ya ɗago ya daka tsawa. "Ku mai da wuƙaƙenku! Jinin ɗana ne ya zuba, ba na wani ba. Ni na ce a bar shi."

Aka ja da baya ana huci. A kan jaki aka kai Ilu gida.

Garba bai mutu ba, amma kunnen ya tafi, kuma jiri bai sake barinsa ya shiga fili ba. Sarkin Fawa ya kai maganar gaba. Iyaye goma sha ɗaya suka janye 'ya'yansu daga makaranta a mako guda. Da Bature ya dawo, ko ganin Ilu bai nema ba, masinja ya aiko ya karɓi dorina da usur. Aka mai da wa yara langarsu da kokawarsu.

Da Ilu ya fara takawa ya je har Ƙofar Mazugal ya durƙusa a gaban Nata'ala. Dattijon ya ce, "Na yafe, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Sai dai kunnen ba zai dawo ba."

Zaman Kano ya gagare shi. Ba mai ba shi aiki, in ya ratso lungu hira ta tsaya har ya wuce. Ya ce wa Dije wata uku kawai zai yi a Jos, wajen haƙar kuza, ƙura ta lafa ya dawo. Ta juya fuska ga bango.

Wata ukun ya zama shekara biyu. Ran nan a bakin ramin kuza ya gamu da wani farke ɗan unguwar Zaitawa da ya san gidansu. Mutumin ya riƙe masa hannu ya yi masa gaisuwar rasuwar Dije, ya ce ai an yi arba'in tun makon jiya.

Ilu ya zauna a kan tulin ƙasa. Da ƙyar ya ce, "Wa ke wajenta?"

"Wani ɗan makaranta ne dogo, shi ya riƙa ɗebo mata ruwa tun bayan tafiyarka. Ranar kuwa 'yan gidansu ne suka ɗauki makara, mahauta daga Ƙofar Mazugal. Ɗaya ma ba ya ji sosai. A bakin kabari sai da aka yi ta ɗaga masa murya kafin ya gane an ce a sauke."

Darasi: Ƙarfin da bai san inda zai tsaya ba, mai shi yake fara kayarwa. Mu da muka yi yawon duniya muka dawo, kada mu ɗauka abin da muka koyo a waje ya ba mu ikon raina dokar da muka tarar a gida, don wata dokar jini aka zubar kafin a kafa ta. Malami kuma ya sani amana aka ba shi, ba filin nuna ƙwanji ba. Ku tura wa duk wanda yake riƙe da 'ya'yan mutane, a aji ko a filin wasa, ko Allah zai sa wani ya sauke hannu kafin ya makara.